Ranthambore, Bandhavgarh, Kanha ko Tadoba: wane gandu ya fi dacewa da mai neman hoton damisar Indiya?

Damisa mai ratsi-ratsi ba ta rayuwa a dazukan Afirka. Wadda muka sani, mai roɗi-roɗi, dabba ce daban. Mai son ya ɗauki hoton mai ratsin a cikin daji, ba a keji ba, Indiya zai nufa, domin a can ne kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka rage a duniya suke. Ƙidayar 2022 ta ba da kimanin 3,682, jihar Madhya Pradesh kaɗai tana da 785. Gandun da aka keɓe wa dabbar tun daga shirin kare ta na 1973 sun haura 50, amma huɗu ne masu kyamara suka fi yin wasiwasi a kansu: Ranthambore a jihar Rajasthan, Bandhavgarh da Kanha a Madhya Pradesh, sai Tadoba a Maharashtra. Wanda ya biya kuɗin jirgi daga Kano ko Yamai ba zai iya zagaye su duka ba, dole ya zaɓa.

Ma'aunin da za a bi

Na farko shi ne yiwuwar gani, kuma ba yawan damisa ne ke yanke wannan ba. Gandun Corbett da ke arewa, a jihar Uttarakhand, shi ya fi kowane yawansu, 260 a ƙidayar 2022, amma dajinsa ya yi duhu, ciyawarsa ta fi mutum tsawo, ana iya yin kwanaki ana jin gurnani ba a ga komai ba. Abin dubawa shi ne buɗewar daji, da inda ruwa yake, da yadda dabbobin wurin suka saba da mota.

Na biyu shi ne haske da abin da zai fito a bayan dabbar. Na uku, irin motar da za a shiga da shiyyar da takardar izini ta ba ka. Na huɗu kuɗi, na biyar sauƙin isa. Na shida haɗari: dawowa hannu rabbana, zafi, ƙura, da 'yan damfara. Na ƙarshe, wanda ake yawan mantawa da shi: idan damisa ta ƙi fitowa, me gandun zai ba ka ka ɗauka?

Yadda tsarin yake ko'ina

Wanda ya saba da Yankari, inda ake kwana a cikin gandu a fita kewaye daga sansani, zai tarar da abin ya sha bamban. A waɗannan huɗun, masauki yana waje, kusa da ƙofa. Ana shiga sau biyu a rana, da asuba da kuma bayan azahar, a fito kafin duhu. Kowane gandu an raba shi shiyya-shiyya, kuma takardar izininka ta shiyya ɗaya ce, ta fita ɗaya. Ko da an ce damisa tana kwance a kan hanya mita 200 daga kan iyakar shiyyarka, direba ba zai tsallaka ba, don aikinsa ne zai tafi. Ba a sauka daga mota sai a wuraren hutu da aka keɓe, ba a barin hanya, ba a kunna fitilar kyamara. Ƙa'idar hukuma ta 2012 ta taƙaita yawon buɗe ido ga abin da bai wuce kashi 20 cikin 100 na cibiyar gandu ba, shi ya sa motoci suke da iyaka, takardun shiyyoyi masu kyau kuma suke ƙarewa watanni kafin ranar.

Ana rufe cibiyoyin gandun a damina, daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba. Oktoba da Nuwamba daji kore ne shar, amma ciyawa ta rufe komai. Disamba zuwa Fabrairu akwai sanyi da hazon safe, gashin damisa ya yi kauri, launinsa ya ƙara ja. Hoton ya fi kyau, ganin ya fi wuya. Daga Maris zuwa tsakiyar Yuni ganye ya zube, ruwa ya janye, dabbobi na taruwa a tafkuna. Gani ya fi sauƙi, amma haske yana yin tsauri tun wajen ƙarfe 8 na safe.

Kuɗin tafiya kashi biyar ne: takardar izini, haya ta mota, ɗan jagora na dole, masauki, da motar da za ta ɗauko ka daga filin jirgi. Fasfon da ka rubuta lambarsa a takarda shi za a duba a ƙofa, ba wani ba. Mai zuwa daga Najeriya, Nijar, Gana ko Kamaru ya riƙe katin rigakafin cutar shawara, ana tambayarsa a shiga Indiya.

Ranthambore

Nan ne ake samun hoton da ba a samu a wani wuri: damisa a gindin rusasshiyar ƙofar dutse, ko tana ratsa bakin tafki da tsohon gini a bayanta. Ganuwar da ke bisa tsauni a tsakiyar gandun tana cikin ganuwoyin Rajasthan da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihi a 2013. Dajin busasshe ne, itacen dhok ya fi yawa, kuma idan ya zubar da ganye ana hangen nesa. Tafkunan Padam Talao, Rajbagh da Malik Talao suna tara sambar, wata babbar barewa mai shiga ruwa har wuya tana cin ganye, ga kadoji a bakin gaɓa, ga ɗawisu ko'ina. A nan shahararriyar damisar nan Machli ta rayu har ta mutu a 2016, kuma zuriyarta sun gaji rashin tsoron mota.

Shiyyoyi goma ne. Ɗaya zuwa biyar su ne tsohuwar cibiya, ta uku ita ce mai tafkuna da gine-gine. Shida zuwa goma suna gefe, sun fi tsaunuka, wasunsu da nisa daga gari. Ana ganin damisa a cikinsu, amma ba hoton da ya kawo ka ba ne. Wanda bai tantance shiyya ba lokacin biyan kuɗi, sau da yawa can ake tura shi.

Matsalar Ranthambore ita ce mota. Akwai jif mai kujera shida, akwai babbar buɗaɗɗiyar mota mai kujera 20 da ake kira "kanta" (canter). Kujerar kanta ita ce hanya mafi araha ta ganin damisa a wannan gandun, amma araha ba ta ado. Motar tana da tsayi, don haka kana ɗaukar dabbar daga sama, gadon bayanta ya fito maimakon fuskarta. Mutum 20 suna motsi, motar ba ta daina girgiza ba, kuma ba ta iya juyawa da sauri a ƙaramar hanya idan damisa ta sauya alƙibla. Ga mai kallo da ido ta wadatar. Ga mai dogon gilashin kyamara na 400mm, mai jawo nesa kusa, asarar fita ce. Ita ma fitar gajera ce, kimanin awa uku da rabi.

Wajen sauƙin zuwa babu kamarsa. Tashar jirgin ƙasa ta Sawai Madhopur tana kan layin Delhi zuwa Mumbai, mintuna kaɗan daga masaukai, Jaipur kuma tafiyar awa uku ce da 'yan kai a mota. Wannan sauƙin ne ya jawo masa cunkoso, shi ne kuma ya sa shafukan intanet masu kama da na hukuma suka yi yawa a kansa.

Bandhavgarh

Idan tambayar ita ce ina aka fi samun damar cika hoto da fuskar damisa, Bandhavgarh ne amsar da yawancin masu sana'ar za su bayar. Yankin da ake zagayawa ƙarami ne, damisoshi sun yi yawa a cikinsa, ga tsaunuka da fadamu da ke tilasta musu bin hanyoyin da direbobi suka haddace. Shiyyoyin cibiya uku ne: Tala, Magadhi da Khitauli. Tala ita ce mai suna, da fadamar Chakradhara da tsaunin ganuwa da wani dogon mutum-mutumin dutse a kwance da ake kira Shesh Shaiya, amma kada a nace mata. Wace shiyya ce ke ci a shekara ya danganta da inda mace mai 'ya'ya take, kuma Magadhi da Khitauli sukan sha gaban Tala. Gara a raba fita shida biyu-biyu a kan ukun.

Dajin na itacen sal ne da gora, kuma nan ne kyamara take shan wahala. Rana tana ratso ganye ta zuba a jikin dabbar ɗigo-ɗigo, rabin fuska a haske, rabi a inuwa. Na'urar auna haske tana ganin duhun daji sai ta ƙara buɗewa, farin gashin da ke kewaye da ido da haɓa ya ƙone, ba kuma a iya dawo da shi a kwamfuta. Maganin shi ne a rage haske da kashi ɗaya ko biyu cikin uku na mataki, a ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, a ɗago inuwa daga baya. Gora kuma tana sace fokas: idan ka bar wa kyamara ta zaɓa, za ta kama karan da ke gaba ta bar ido. Ɗigon fokas guda ɗaya, a kan idon da ya fi kusa da kai.

Fitar safe a Madhya Pradesh doguwa ce, daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe 11, ana karin kumallo a kan bonet a wurin hutu. Ana buɗe sayar da takardu kwana 120 kafin rana, ana iya sayen mota sukutum ko kujera ɗaya. Ba fita ranar Laraba da yamma, wannan ya shiga lissafin kwanakinka. Akwai kuma izinin yini guda wanda ba shi da iyakar shiyya, amma kuɗinsa ya ninka na fita ta yau da kullum sau da yawa.

Rauninsa biyu ne. Idan damisa ta bayyana, motoci suna taruwa a ƙaramin wuri, ƙura ta tashi, wanda ya zo a baya bayan kawunan mutane kawai zai ɗauka. Sannan idan ba ta bayyana ba, abin ɗauka bai kai na Kanha ba, duk da an dawo da ɓaunan Indiya da ake kira gaur daga Kanha a 2011, giwayen daji kuma sun shigo da kansu tun 2018. Daga filin jirgin Jabalpur tafiyar kimanin awa huɗu ce. Tashar jirgin ƙasa ta Umaria ta fi kusa.

Kanha

Kanha shi ne mafi kyawun gani a cikinsu, kuma shi ne wanda ya fi bukatar haƙuri. Cibiyarsa ta kai murabba'in kilomita 940, motoci suna bajewa, kana iya yin rabin awa ba ka haɗu da kowa ba. Dogayen itatuwan sal suna tsaye a jere, tsakaninsu manyan fadamu, da yawansu tsofaffin ƙauyuka ne da aka tayar. Da safiyar Janairu hazo yana kwanciya a kan ciyawa, rana ta huda shi, barewa ta fito kamar an zana ta. A irin wannan safiyar sanyi yana kusantar sifili, a buɗaɗɗiyar mota kuwa yatsa yana ƙin danna maɓalli. Safar hannu mai yankakken kai da batir na biyu a aljihun ciki ba ƙawa ba ne.

Nan ne gidan barasingha, barewa mai ƙaho reshe goma sha biyu, irin da ke zama a busasshiyar ƙasa. Ta ragu zuwa 66 kacal a 1970 kafin a farfaɗo da ita. Akwai gaur, akwai karnukan daji masu jan gashi da ke farauta a garke, akwai beyar (bear), wata baƙar dabba mai yawan gashi mai cin gara. Wanda ya kwana huɗu a Kanha bai ga damisa ba zai dawo da kati cike. Ba za a faɗi haka da ƙarfi a kan Bandhavgarh ba.

Shiyyoyi huɗu ne: Kanha, Kisli, Mukki da Sarhi. Kuskuren da aka fi yi shi ne kama masauki a ƙofar Khatia a sayi takardar da ake shiga ta Mukki, ko akasin haka. Tsakanin ƙofofin biyu ta hanyar waje ya haura tafiyar awa guda, ga shi ana son a kasance a layi kafin gari ya waye. A fara samun takarda, sannan a nemi ɗaki kusa da ƙofarta. Saboda filin a buɗe yake, dabbobi sukan yi nisa, gilashin da ya kai 500 ko 600mm ya fi amfani a nan fiye da ko'ina.

Tadoba

Tadoba gandun bazara ne. Dajin na itacen tik ne da gora, hanyoyinsa jar ƙasa, kuma a Afrilu da Mayu zafin lardin Chandrapur yana haura digiri 45. A wannan lokacin dabara ɗaya ce: a tsaya a bakin ruwa a jira. Damisa tana zuwa ta juya ta shiga da baya, ta kwanta har wuya, wani lokaci da 'ya'yanta. Beyar da karnukan daji ma a nan an fi ganinsu a fili. Sai dai zafin yana ɓata hoto ta hanyar da mutane ba sa zato: iskar da ke tashi daga ƙasa mai zafi tana karkarwa, duk abin da ya wuce mita 40 ko 50 sai ya fito dishi-dishi ko da fokas ya zauna daidai. Mutum ya zargi gilashinsa, alhali iska ce. Babu magani sai kusanci ko sanyin safiya.

Fifikonsa shi ne yankunan gefe. A sauran gandun ana ɗaukar takardar gefe a matsayin da babu gara ba daɗi. A Tadoba ƙofofin gefe irin su Agarzari, Junona da Alizanza suna ba da gani na gaske, a kuɗi ƙasa da na cibiya. Ana rufe cibiya ranar Talata, gefe ranar Laraba, don haka ba ranar da za ta tafi a banza idan an tsara. Manyan ƙofofin su ne Moharli da Kolara, kuma gargaɗin Kanha ya shafe su, suna da nisa da juna. Ana biyan kuɗin kyamara daban, ƙarshen mako ya fi tsada, kuma an daɗe da hana amfani da waya a cikin gandun. Wanda ke shirin ɗaukar bidiyo da wayarsa ya sake shiri. Daga filin jirgin Nagpur kimanin awa uku ne.

| | Ranthambore | Bandhavgarh | Kanha | Tadoba |
|---|---|---|---|---|
| Ganin damisa | Mai kyau a shiyya 1 zuwa 5 | Mafi yiwuwa | Matsakaici | Mai yawa a bazara |
| Bayan hoto | Ganuwa, tafki | Sal, gora, duwatsu | Fadama, hazo | Bakin ruwa, jar hanya |
| Sauran dabbobi | Sambar, kada, ɗawisu | Kaɗan | Mafi yawa | Beyar, karnukan daji, gaur |
| Kuɗi | Kanta araha, jif tsada | Tsada | Tsada | Da sauƙi a gefe |
| Isa | Jirgin ƙasa har gari | Awa 4 daga Jabalpur | Awa 4 daga Jabalpur | Awa 3 daga Nagpur |
| Babban haɗari | Shiyya ko mota mara kyau | Cunkoso | Kwanaki ba damisa | Zafi |
| Watanni | Nuwamba zuwa Mayu | Fabrairu zuwa Mayu | Disamba zuwa Afrilu | Maris zuwa Mayu |

Kayan aiki da inda kuɗi ya kamata su tafi

Gilashi mai zuƙowa, 100-400mm ko 200-600mm, ya fi babban gilashi mara zuƙowa amfani ga yawancin mutane, domin damisar da take mita 60 yanzu tana iya wucewa ta gefen taya bayan minti biyu, a bar mai 600mm da hoton kunne. Mai kyamara biyu ya ɗaura 70-200mm a ta biyun. Dalilin ba sauri kaɗai ba ne: ƙurar hanyoyin nan ta yi kama da ta tsakiyar hunturu, duk wanda ya buɗe kyamara a mota don sauya gilashi zai ga ɗigo a sararin kowane hoto har ƙarshen tafiya. Rigar filo ta isa rufe kaya tsakanin tsayawa da tsayawa.

Sanda mai ƙafa uku ba ta da wurin tsayawa a jif. A zo da jakar yadi babu komai a ciki, a cika ta da kilo biyu na shinkafa ko wake a kasuwar garin, a ɗora a kan ƙarfen mota. A roƙi direba ya kashe inji kafin a danna. Ga damisa mai tafiya, saurin ƙiftawar kyamara kada ya gaza 1/500 na daƙiƙa. Ga 'ya'ya masu kokawa ko tsalle cikin ruwa, 1/1000 zuwa sama. Da asuba a ƙarƙashin sal wannan yana nufin ɗaga ISO, wato ƙarfin karɓar haske na kyamara, zuwa 3200 ko 6400, kuma a yarda da shi: ƙwayoyin da ke fitowa a hoto ana rage su, hoton da ya girgiza kuwa shara ne.

Direba da ɗan jagora su ne rabin aikin. Ba da ido suke neman damisa ba, da kunne ne: kukan gargaɗi na barewar chital, tarin birin langur daga saman itace, da kuma ƙarar sambar, wadda aka fi amincewa da ita don ba ta cika yi a banza ba. Direban kirki yana duba sawu a ƙura, ya ƙiyasta inda za ta ɓullo, ya wuce gaba ya ajiye mota yadda za ta taho tana fuskantarka, rana a bayanka. Wanda bai ƙware ba yana bin ta a baya, ka tara hotunan wutsiya. Don haka idan kuɗi sun taƙaita, a rage darajar masauki, a ƙara yawan fita, a kuma rage yawan mutane a jif. Uku sun fi shida nesa ba kusa ba. Fita biyu caca ce a kowane gandu. Daga shida zuwa takwas ne lissafi yake fara komawa wajenka.

Wanne ya dace da wa

Mai kwana uku kacal, wanda wata hidima ta kai shi Delhi, Ranthambore ne nasa, da sharaɗin ya sami jif a shiyya ta ɗaya zuwa ta biyar. Idan kanta kawai ta rage, ya je da niyyar kallo. Haka mai son hoton da za a gane Indiya ce da kallo ɗaya, shiyya ta uku yake nema.

Wanda wannan ce tafiyarsa ta farko, wataƙila ta ƙarshe, kuma burinsa fuskar damisa, ya ba Bandhavgarh kwana huɗu a Maris ko Afrilu. Idan yana da mako guda ya haɗa da Kanha, tsakaninsu tafiyar awa biyar zuwa shida ce a mota, tsarin takardunsu kuma ɗaya ne.

Mai sha'awar daji gaba ɗaya, tsuntsaye da barewa da haske, ko mai tafiya da iyali da ba za su jure zafi da hayaniyar motoci ba, Kanha a Janairu ko Fabrairu. Mai ƙaramin aljihu da ke son fita da yawa, ko wanda ya makara takardun Madhya Pradesh suka ƙare, ya duba ƙofofin gefe na Tadoba. Mutumin Sakkwato ko Maiduguri da ya san zafin Afrilu zai jure Mayun Chandrapur fiye da yawancin baƙi, amma ya ɗauki lita uku ta ruwa da gishirin ORS a kowace fitar yamma.